Cike fom a intanet: Inda sunayen mutanen Zango ke maƙalewa

A Nima da Maamobi, da sauran zangunan birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, da wuya a yau mutum ya kammala wata muhimmiyar hidima ba tare da ya cike fom a intanet ba. Mai neman fasfo domin aikin Hajji ko fatauci, da uwar da ke son sanin makarantar sakandaren da aka tura ɗiyarta, da saurayin da ke neman aiki ko gurbin jami'a, duk a gaban allo guda suke haɗuwa, mai ɗauke da ƙananan gurabe da ke jiran a zuba musu suna da ranar haihuwa da adireshi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan aiki a matsayin abin minti biyar a shagon intanet na bakin titi. Amma harafi ɗaya da ya shiga ba daidai ba yana iya jawo wa mutum jeka-ka-dawo na watanni, ya rasa tafiya, ko banki ya ƙi biyansa kuɗinsa na halak.

Saboda haka ne muka ga ya dace mu leƙa bayan allon, mu ga abin da ke faruwa da bayananmu bayan an danna maɓallin aikawa, da kuma dalilin da ya sa sunaye irin namu suka fi saurin gamuwa da cikas.

Yadda fom ya shigo rayuwarmu

Idan mai karatu bai manta ba, Ghana ta samu cikakkiyar hanyar intanet ne a 1995 ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor. A 2001 aka buɗe katafaren shagon Busy Internet a kan titin Ring Road, daga nan kuma ƙananan shaguna suka bazu cikin unguwanni. Abin da ya fara cika waɗannan shaguna da matasan Zango shi ne cacar bizar Amurka, domin tun daga 2003 hukumomin ƙasar suka daina karɓar takarda ta gidan waya, suka ce sai ta intanet. A 2005 Ghana ta fara raba wa ɗalibai makarantun sakandare ta hanyar kwamfuta. A ƙarshen 2016 aka soma neman fasfo ta intanet. A watan Oktoba na 2017 aka ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS, sannan a watan Afrilu na 2019 hukumar NIA ta fara gagarumar rajistar katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, daga yankin Accra.

Daga nan komai ya rataya a wuyan wannan kati. A watan Afrilu na 2021 lambarsa ta maye gurbin lambar biyan haraji. A watan Oktoba na wannan shekara aka fara sake rajistar layukan waya da shi, aikin da wa'adinsa ya cika a ƙarshen Mayun 2023. Kazalika daga 1 ga Yulin 2022 Babban Bankin Ghana ya ce da shi za a riƙa hulɗa da bankuna. Ma'anar wannan ita ce, kwamfutocin hukumomi daban-daban sun fara gwada bayanan mutum da juna. Abin da a da magatakarda zai duba da ido ya ce ai mutum ɗaya ne, yanzu na'ura ce ke hukunci a kansa.

Me ke faruwa bayan an danna maɓalli?

Ana rubuta shafukan intanet ne da wani tsarin rubutu mai suna HTML, kuma tun a 1995 fom ya shiga cikin ƙa'idojinsa. Kowane gurbi da muke gani yana da ɓoyayyen suna. Idan aka danna maɓallin aikawa, burauzar da ke kan waya ko kwamfuta takan haɗa sunan kowane gurbi da abin da aka rubuta a ciki, ta aika wa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda masana ke kira saba. Ita kuma saba sai ta duba saƙon, ta adana shi a rumbun bayanai, ta maido da amsa.

Hanyoyin aikawar da aka fi sani biyu ne. Ta farko, mai suna GET, tana liƙa bayanan a jikin adireshin shafin da ke can sama, inda kowa zai iya gani, kuma su zauna cikin tarihin burauza. Ta biyu, mai suna POST, tana sanya su cikin cikin saƙon. A shagon intanet, inda mutum goma ke zama kan kwamfuta ɗaya a yini, fom ɗin da ya aika lambar kati ko kalmar sirri ta hanya ta farko ya bar wa na baya kyauta. Ita ma ta biyun ba ta isa ita kaɗai ba, sai adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa an kulle saƙon a kan hanya.

Akwai kuma tantancewa iri biyu. Wadda ake yi a kan wayar mai cikewa, da ke nuna jan rubutu nan take idan an bar gurbi fayau, taimako ce kawai ga mai cikewa. Duk wanda ya san kan kwamfuta yana iya tsallake ta, ya aika abin da ya ga dama kai tsaye. Tantancewar da ake dogaro da ita ita ce wadda saba ke yi. Darasin farko da ake koya wa mai gina shafi shi ne kada ya amince da duk abin da ya shigo daga waje sai ya bincika shi, kamar yadda mai shago a kasuwar Nima ba ya jefa takardar sidi ɗari a aljihu sai ya ɗaga ta ya duba.

Sa'adatu da Mu'azu a gaban na'ura

Matsalar ita ce, wasu masu gina shafuka kan wuce gona da iri wajen wannan bincike. Sai su kafa sharaɗin cewa suna ba zai ƙunshi komai ba sai haruffan Turanci 26. Nan take Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila da Rabi'atu suka zama masu laifi, saboda ɗan waƙafin nan na sama da ke tsaye a madadin hamza ko ainun. Fom ya ce sunan ba daidai ba ne. Mai shago ya cire waƙafin ya rubuta Saadatu, wani ya raba shi biyu ya rubuta Sa Adatu, alhali a takardar makaranta an rubuta Sahadatu. Mutum ɗaya ya koma uku a idon kwamfuta.

Haka abin yake ga haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Duk suna da gurbinsu a kundin haruffan duniya na Unicode, kuma tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, yana ɗaukar su lafiya lau. Idan muka ga Ɗanladi ya fito da alamar tambaya ko wasu baƙin zane a farkon sunansa, to wani wuri tsakanin shafin da saba da rumbun bayanai ba a saita shi kan wannan tsari ba. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba, domin maƙwabtanmu masu Twi da Ga da Ewe suna da haruffa irin su ɛ da ɔ da ŋ, waɗanda su ma kan lalace ta wannan hanya.

Bugu da ƙari, akwai bambancin rubutu. A Ghana suna ɗaya na iya fitowa a matsayin Mohammed ko Muhammad ko Mahamadu. Husaini ya zama Fuseini, Idrisu ya zama Iddrisu, Sa'idu ya zama Seidu, gwargwadon kunnen malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da ya fara rubutawa. Sannan fom na tambayar sunan dangi, alhali a al'adarmu mutum sunansa da na mahaifinsa yake ɗauka. Wannan shekara a sa sunan uba a gurbin dangi, baɗi a sa na kaka, wani lokaci ma a juya su gaba ya koma baya. Wasu kuma kan cusa Alhaji ko Hajiya cikin gurbin suna, su manta cewa laƙabi ne. Ranar da banki ko asusun fansho na SSNIT ya gwada bayanansa da na katin ɗan ƙasa, sai a ce ba su dace ba. Gyaran suna a hukumance kuwa kan kai mutum ga takardar rantsuwa, wani lokaci har da buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, ga kuɗi ga ɓata lokaci.

Ta inda ɓarawo ke shiga

Me ya sa masu gina shafuka ke tsoron wannan ɗan waƙafi? Dalilin yana da tushe. Ana yi wa yawancin rumbunan bayanai magana ne da wani harshe mai suna SQL, kuma a cikinsa waƙafin sama shi ne ke nuna farkon magana da ƙarshenta. Idan maginin shafi ya yi ganganci, ya ɗauki abin da aka rubuta a gurbi ya manna shi kai tsaye cikin umarninsa, to da Sa'adatu ta rubuta sunanta, kwamfuta za ta karanta Sa, ta ga waƙafi, ta ɗauka suna ya ƙare. Ragowar haruffan sai ta ɗauke su a matsayin umarni, ta kasa ganewa, shafin ya tsaya cik.

Ita Sa'adatu ba da nufi ta yi ba. Amma ɓarawon da ya lura da haka zai rubuta waƙafi da gangan, ya bi shi da umarnin kansa, misali a fito masa da sunaye da lambobin duk mutanen da ke cikin rumbun. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun a watan Disamba na 1998 wani masani mai suna Jeff Forristal ya yi bayanin wannan dabara a mujallar Phrack, amma har yau ba ta mutu ba. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na shafukan intanet, ta sa irin wannan kutse a matsayi na ɗaya a 2010 da 2013 da 2017, ya koma na uku a 2021. A watan Oktoba na 2015 aka bi ta wannan ƙofa aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka kai ga bayanan mutum 156,959, kuma a 2016 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

Abin lura a nan shi ne, haramta waƙafi a gurbin suna ba ya toshe wannan ƙofa yadda ya kamata, domin ɓarawo na da wasu gurabe da wasu dabaru. Sahihin magani an daɗe da saninsa: a aika wa rumbun umarni daban, a aika masa bayanan mai cikewa daban, ta yadda duk abin da aka rubuta zai zauna a matsayin bayani, ba zai taɓa rikiɗewa ya zama umarni ba. Manyan harsunan rubuta manhaja irin su PHP da Python da Java duk suna da wannan tanadi. Kazalika idan za a sake nuna abin da wani ya rubuta a kan shafi, dole a tsaftace shi tukuna, don kada ya zo da ɓoyayyen umarnin da zai yi aiki a burauzar wani. Shafin da aka gina haka zai karɓi Mu'azu da waƙafinsa, ya kuma hana ɓarawo shiga.

Ranar haihuwa, adireshi da garin asali

Bayan suna, sai ranar haihuwa. A Ghana rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi. Wanda ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, wata kwamfutar za ta karanta 4 ga Maris. Shi ya sa fom mai kyau ke raba guraben uku, ya rubuta sunan watan da haruffa. Ga kuma dattawanmu da aka haifa a gida ba takarda, waɗanda abin da aka riƙe shi ne an haife su cikin watan Azumi ko bayan Babbar Sallah. Duk ranar da aka zaɓa musu a takardar farko, ita ya kamata a riƙe a ko'ina.

Lambar waya ma tana da nata. Tun 2010 lambobin Ghana suka koma guda goma, masu farawa da sifili. Wani zai rubuta 024, wani ya fara da +233, wani ya bar tazara a tsakani. Aikin saba ne ta karɓe su duka ta mayar da su tsari ɗaya. In kuwa aka adana lambar a matsayin adadin lissafi, sifilin farko zai ɓace. Ita kuwa lambar katin ɗan ƙasa tsarinta sananne ne, GHA, sai lambobi tara, sai ɗaya a ƙarshe, don haka fom na iya kama kuskure tun kafin a aika.

Game da adireshi, duk wanda ya san lungunan Nima ya san kwatance muke yi da masallaci ko famfo ko babban gwata. GhanaPostGPS ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu mita biyar-biyar, kowanne da lambarsa. Sai dai manhajar tana ba da lambar inda wayar take tsaye ne. Wanda ya nemi adireshinsa yana zaune a shagon intanet, adireshin shagon zai samu. A ƙofar gida ya kamata a tsaya a ɗauka.

Gurbin da ya fi sosa wa mutumin Zango rai shi ne na garin asali da ƙabila. Nima ta kafu tun farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, kuma akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Amma a ƙidayar 2010 manyan rukunonin ƙabilu takwas ne, wato Akan, Ga-Dangme, Ewe, Guan, Gurma, Mole-Dagbani, Grusi da Mande, Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani kuwa suna cikin saura. Idan maginin fom ya kwafi irin wannan jeri bai bar gurbin rubuta wani abu dabam ba, ya tilasta wa mutum zaɓar abin da ba shi ne ba. Dattawan da suka ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, wadda aka fitar ranar 18 ga Nuwamban 1969 da wa'adin mako biyu, sun san nauyin wannan tambaya. Tsarin mulkin 1992 kuwa ya fayyace cewa wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Bai ambaci ƙabila ba.

Idan layi ya yanke

Yawancinmu da waya muke cike fom, da ɗan datan da muka saya. Layi na iya yankewa ana tsakiyar aiki. Fom ɗin da ke goge duk abin da aka rubuta saboda kuskure a gurbi ɗaya ya cuci mai cikewa. Kamata ya yi ya riƙe sauran, ya nuna gurbin da ke da matsala, ya faɗi abin da ake so da magana mai sauƙi. Haka idan za a ɗora hoto, a faɗi girman da ake so tun farko. Fom ɗin cacar bizar Amurka, alal misali, ya riƙa neman hoton da bai gaza ɗigo 600 a tsaye da 600 a kwance ba, kuma bai wuce kilobayit 240 ba.

Wurin biyan kuɗi ya fi haɗari. Shafi ya yi nauyi, mutum ya ƙosa ya sake danna maɓalli, sai a cire masa kuɗi sau biyu daga asusun MoMo. Masu gina shafi na da maganin wannan: a ba kowane fom lamba ta musamman wadda saba ba za ta karɓa sau biyu ba, sannan da an karɓa a tura mutum wani shafin dabam, ta yadda ko ya sabunta shafin ba zai sake aikawa ba. Mu kuma namu shi ne haƙuri. A duba saƙon waya a ga ko kuɗi ya fita kafin a sake dannawa.

Amanar da ke hannun mai shago

Ko shakka babu, masu shagunan intanet sun taimaki al'umma, musamman iyayenmu da ba su yi boko ba. Amma duk wanda ya miƙa katinsa a cike masa fom ya miƙa sirrinsa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sha gargaɗi kan dillalan da ke cike wa mutane fom ɗin caca su riƙe lambar tabbatarwa, in mutum ya ci su nemi kuɗi mai yawa kafin su ba shi. Ƙa'idar cacar kuma ita ce duk wanda aka shigar da sunansa fiye da sau ɗaya a shekara an soke shi, ko da bai san wani ya shigar da shi ba.

Saboda haka muna ba jama'a shawara su je da takardunsu a hannu, a kwafi suna harafi bayan harafi daga katin ɗan ƙasa. A sa lambar wayar mai fom da imel ɗinsa, kada a sa na mai shago. Kafin a aika, a karanta wa mai fom abin da aka rubuta da babbar murya. Bayan an aika, a karɓi lambar shaida a buga ta a takarda, a goge hotuna da kwafin kati daga kwamfutar shagon, a kuma fita daga akwatin imel. Lambar sirrin MoMo kuwa ba a faɗa wa kowa. Dokar kare bayanai ta 2012 ta ba kowane mutum damar sanin abin da aka adana game da shi da neman a gyara kuskure, kuma dokar tsaron intanet ta 2020 ta kafa hukumar da ake kai wa ƙarar zamba.

Kira ga matasanmu masu koyon wannan sana'a

Abin farin ciki shi ne 'ya'yan Zango sun fara shiga wannan fage. Regina Honu, ta shirinta na Tech Needs Girls, ta koyar da 'yan mata a Nima rubuta manhaja tare da ƙungiyar Achievers Ghana. Akwai ZongoVation Hub da ke horar da matasan zanguna, ga cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da aka buɗe a 2003. Waɗannan yara su ne gobe za su gina fom ɗin makarantun Islamiyya da asibitoci da ƙungiyoyin adashi, wasunsu ma har na gwamnati.

Gare su muke cewa, tun ran gini ran zane. Kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da sunayen gidanku. Ku rubuta Sa'adatu, ku rubuta Ɗanjuma, ku rubuta sunan maƙwabcinku Bayarabe ko Ba'ewe, ku ga ko za su fito yadda suka shiga. Ku gwada shi a kan ƙaramar waya da layi mai rauni. Kada ku tambayi abin da ba ku buƙata, domin bayanin da ba ku karɓa ba, ba za a sace shi a hannunku ba. Sannan ku zaunar da wata gwaggo ko wani baba ya cike fom ɗin a gabanku ba tare da kun sa masa baki ba, ku lura da inda ya tsaya, ku koma ku gyara wurin.

Su kuma hukumomi da bankuna da ke ba da kwangilar irin waɗannan shafuka, muna roƙon su sa gwaji da sunayen dukkan al'ummomin ƙasa cikin sharuɗɗan karɓar aiki, su kuma buɗe hanya mai sauƙi ta gyaran kuskure a kusa da jama'a, a Ayawaso ta Gabas da ta Arewa da sauran wurare. Allah Ya sa masu abin su ji.